Amsa: me ya sa fim ɗin 4x5 yake fitowa shara-shara a tankin Jobo?

Malam, ka ce kana wanke fim ɗin HP5 Plus na kamfanin Ilford mai girman inci 4x5 a tankin Jobo 2520 da ril 2509n (abin da ake jera fim a kai) a kan injin CPE-2 mai juya tanki, falle shida a tashi ɗaya, da maganin wanki Rodinal a sirkin 1+50 (kashi ɗaya magani, hamsin ruwa) mililita 270, amma nagatif ɗin yana fitowa ba kauri, gefe ya fi tsakiya duhu, wani lokaci har da layi-layi. Kafin ka zargi kamara ko mitar auna haske, duba wannan 270 ɗin.

Adadin da aka rubuta a jikin tankin, ruwan da zai jiƙa fim ne in tankin yana kwance yana juyawa. Bai ce maka maganin da ke cikin ruwan zai isa ba. Ana lissafin magani ne da faɗin fim: falle huɗu na 4x5 daidai suke da falle ɗaya na 8x10, wato murabba'in inci 80, kwatankwacin nadi ɗaya na 35mm mai ɗauka 36. Falle shida kenan nadi ɗaya da rabi. Agfa ta ba da shawarar mililita 10 na tsantsar Rodinal ga kowane nadi, don haka shida suna son 15. Kai kuwa 270 a sirkin 1+50 bai wuce mililita 5 da 'yan kai ba. Ga shi juyi ba tsayawa yana ta kaɗa iska cikin ruwan, maganin yana saurin mutuwa. Tun kafin lokaci ya cika ƙarfinsa ya ƙare, shi ya sa wuraren haske ba sa yin kauri, ko ka ƙara minti biyar ba abin da zai ƙaru.

Mafita mafi sauƙi: koma falle huɗu, biyu a kowane ɓangare, ka bar ramin tsakiya ba komai. Zuba Rodinal mililita 10 cikin ruwa 500. Kada ka haura 600 a CPE-2, injin ba ya son nauyi. In dole sai shida, canja magani. Kodak ta ce maganinta XTOL yana buƙatar tsantsa 100 ga kowane nadi, to 150 da ruwa 150 sun ba ka 300, lafiya lau. Wasu za su ce ka yi Rodinal 1+25 a 270 ɗin. Lissafin ya ɗan gyaru, amma lokacin zai sauko kusan minti 5, kuma ƙasa da haka wanki ba ya daidaita, domin daƙiƙun zubawa da zubarwa sun zama babban kaso na lokacin. Ni ban ba da wannan shawarar ba.

Lokacin da ke takardar Ilford na tankin da ake kifawa ne da hannu jefi-jefi. Ga mai juyi sun ce a rage har kashi 15 cikin 100 in ba a jiƙa fim tukuna ba. Minti 11 na HP5 a Rodinal 1+50, digiri 20, ya koma kusan 9 da rabi. Jobo kuwa jiƙawar minti 5 da ruwa zalla ta koyar, sannan a bi lokacin takarda. Ilford ba ta son jiƙawar. Dukkansu suna aiki, amma riƙe ɗaya. In ka jiƙa kuma ka rage, ka rage sau biyu.

Sai batun gefe da layi. Ril 2509n yana zuwa da fikafikai biyu na roba da ake maƙalawa bayan an jera fim. Mutane da yawa suna ajiye su don sanya su a duhu akwai wuya, alhali su ke hana fallen zamewa, su kuma karya gudun ruwa a bakin fim. Sa su. Fuskar fim mai ɗaukar hoto ta kalli sandar tsakiya. Yadda za ka gane ta a duhu: riƙe fallen a tsaye, in 'yan tsagogin gefensa suna sama ta hannun dama, fuskar tana kallonka. Bayan ka jera, bi bakin kowane falle da yatsa ka tabbatar biyu ba su shiga rami ɗaya ba. In sun haɗu, inda suka manne zai fito kamar madara. Ril kuma ya bushe ƙamas, ɗigo ɗaya ya isa ya riƙe fim a rabin hanya.

Aro lebur na magina ka ɗora a kan tankin kansa, ba a kan teburi ba. Da ruwa kaɗan irin wannan, ɗan karkata ya isa gefe ɗaya ya sha magani ya bar ɗayan. Tankin ya riga ya fara juyawa kafin magani ya shiga in kana da lif, wato abin da ake zuba magani ta cikinsa ba tare da cire tanki daga injin ba. In ba ka da shi, zuba da sauri, rufe, ɗora nan take. Juyin ya riƙa zuwa yana dawowa. Ta fuska ɗaya kawai shi ke jan layi.

Injin yana ɗumama ruwa, ba ya sanyayawa. A bazara ruwan famfo yana iya kai digiri 30, sai ka sa gorunan ƙanƙara a bahon ruwan injin, ka auna maganin kansa dab da zubawa. In 20 ta gagara, tsaya a 24 ka rage lokaci bisa jadawalin Ilford. In wuta ta ɗauke ana tsaka da wanki, kada ka tsaya, mirgina tankin da hannu a bahon har lokaci ya cika.

Fiksa, wato maganin da ke zaunar da hoto, Ilford Rapid 1+4, minti 5 a juye. In ka buɗe ka ga sauran rini a bayan fim inda ya taɓa ril, mayar da shi faranti da fiksa minti ɗaya ko biyu, ɗauraya za ta fitar da sauran. Photo-Flo kuwa, maganin ɗaurayar ƙarshe mai hana tabon ruwa, kada ya shiga tanki ko ya taɓa ril, yana barin saura mai kumfa a wanki na gaba. Yi shi a faranti daban, 1+200, ka rataye fallen ta kusurwa ɗaya.

Kafin ka sake sa hoton da kake ji da shi, ɗauki farin bango mai haske bai ɗaya, falle biyu, ka wanke da sabon lissafin. Duk wani layi ko duhun gefe da ya rage, a nan zai fito fili.