Amarya, ki dakata zuwa Alhamis, kuma kada ki bi ƙunshin nan da dayis

Wa'alaikumus salam, amarya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya.

Na karanta abin da kika rubuto, na kuma duba hotunan da kyau. Kin ce jiya Talata da yamma aka yi miki jan lalle, kamu Juma'a, ɗaurin aure Asabar. Da gari ya waye sai kika ga tafin hannu ya kama, bayan hannu ya tsaya ruwan goro, cikon fulawar hannun dama wani wuri duhu wani wuri haske, saman ƙafa kuma dabbare-dabbare. Kina tambaya ko ki koma a maimaita yau, wasu 'yan'uwa kuma sun ce a bi shi da dayis, baƙin rinin nan, kawai a huta. Ƙunshi sana'ata ce, a Tudun Wada ta Kaduna nake yi tun ina budurwa, kuma irin wannan kukan duk watan biki sai na ji shi. Don haka ki ba ni aron kunnenki, ƙanwata.

Ƙunshinki bai gama fitowa ba. Lallen gargajiya ba ya nuna kalarsa ta gaskiya ranar da aka cire shi. Yakan fara da ruwan goro, iska na dukansa yana ƙara duhu, sai ya kwana biyu, wani jikin ma har uku, kafin ya tsaya a jansa mai duhu. Ke kuwa ko kwana ɗaya cikakke bai yi ba. Idan aka ɗora wani a yau, ana gyaran abin da ba a san ƙarshensa ba ne, kuma wurin da aka maimaita zai zo ya fi sauran duhu ranar Asabar. Ki bar shi zuwa gobe Alhamis da la'asar, ki fita tsakar gida ki duba shi a hasken rana, ba a hasken ƙwan ɗaki ko na waya ba. Da yawa daga cikin abin da ya tayar miki da hankali yau zai daidaita da kansa.

Bambancin tafin hannu da bayan hannu kuwa ba laifin mai ƙunshi ba ne, halitta ce. Sinadarin da ke cikin ganyen lalle, wanda masana ke kira lawsone, yana kama matacciyar fatar da ke sama ne kawai, ba ya shiga ciki kamar zanen allura da ake kira tatu. Inda fatar saman ta fi kauri, nan ya fi samun abin kamawa. Tafin hannu da tafin ƙafa su ne suka fi kauri, shi ya sa suke yin kamar baƙi-baƙi. Bayan hannu ya bi baya, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu kuma kala sai ƙara haske take yi. Duk ƙwarewar mai ƙunshi ba za ta sa damtse ya yi kalar tafi ba. Wannan ki cire shi daga lissafi gaba ɗaya.

Abin da ya cancanci a duba shi ne dabbare-dabbaren saman ƙafa da cikon fulawar nan. A hoton ƙafarki na ga gefen zanen ya fita tsaf, inda salatif ya zauna, amma tsakiyar ta yi fili-fili. Wannan yawanci alamar mai ce a jiki. Amare kan fito daga gyaran jiki, an sha dilka an shafe su da mai da humra, a zaunar da su gaban mai ƙunshi ba tare da an wanke ƙafar da sabulu ba. Basilin da man shafawa katanga ne tsakanin lalle da fata, duk inda suka kwanta lalle ba zai ratsa ba. Sai kuma sanyin nan da muke ciki. Hunturun Kaduna daga Disamba zuwa Janairu maƙiyin lalle ne, domin lalle yana ba da kala ne muddin yana da danshi da ɗumi. Iskar nan kan busar da shi kafin ya yi aikinsa, ya tsattsage ya zube, musamman inda aka shafa shi sirara don a yi cikon fulawa. Hannun dama kuma shi ne ba ya zama wuri ɗaya: a ɗauki waya, a gyara mayafi, a karɓi kofi. Ban yi mamaki ba da shi ne ya fi haske.

Akwai wata tambaya da nake so ki yi wa mai ƙunshinki kafin komai: garin lalle ta kwaɓa da hannunta, ko na kanti ne wanda ake sayarwa a ƙulle cikin 'yar leda mai tsini? Maganar jira da na yi ta shafi na farkon ne. Kwaɓaɓɓen lalle na gaskiya kwana kaɗan yake yi a waje ƙarfinsa ya tafi, sai dai a ajiye shi a firiza. To wanda ya yi watanni a kan teburin mai shago, rana na dukansa, kuma ya kama ja wur cikin minti 15, ki san da wani rini a cikinsa. Irin wannan ba ya ƙara duhu da kwana, yadda ya fito haka yake, daga nan sai kodewa. Idan shi aka yi miki, jira ba zai ƙara komai ba, amma duk da haka gyaran ya fi kyau a matsar da shi kusa da biki.

Yanzu maganar dayis, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan dogon bayani. Na san masu ba da shawarar da kyakkyawar niyya suka bayar, kuma gaskiya ne yana rufe aibi nan take, ya yi kyau a hoto. Amma dayis ba lalle ba ne, babu wani ganyen lalle da ke ba da baƙi. Rinin gashi ne, kuma abin da ke sa shi baƙi wani sinadari ne da ake kira PPD. A ƙasashen Turai, ko a rinin gashi an ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ba ta yarda a ɗora shi a kan fata ba. Mu nan ana kwaɓa shi da kauri, a zana a jikin yarinya, a bar shi ya bushe. Mugun halinsa shi ne ba ya nuna kansa a ranar. Mai yin sa karon farko tana iya kaiwa mako ɗaya zuwa biyu kafin ƙaiƙayi ya taso. Wadda jikinta ya riga ya ƙi shi kuwa kwana ɗaya zuwa uku ya isa. Kuma idan jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan har abada, ko rinin gashi ta shafa bayan shekaru zai iya kumbura mata fuska. Cewa "ai na saba yi ban taɓa ganin komai ba" ba kariya ba ce, don da maimaitawa jikin ke koyon ƙin sa.

An taɓa kawo mini wata yarinya tana cikin satin amarcinta, uwarta na tambaya ko akwai abin da zan iya rufe hannun da shi. An yi mata halawa da safe, da yamma aka zana mata dayis a wajen wata mai ƙunshi. Duk fulawar da aka zana ta tashi ta yi ƙuraje masu ruwa, layi bisa layi, tun daga yatsu har gwiwar hannu. Na ce musu wannan ba aikina ba ne, su wuce asibiti. Ta warke, amma shatin zanen ya daɗe a fatarta. Ke ma kin fito daga gyaran jiki, an murje fatarki an tuge gashi, ita ce fatar da ta fi saurin karɓar cuta. Kada garin neman gira a rasa ido. Kuma duk mai ajiye dayis a gida, don Allah ta nisanta shi da yara, guba ne idan aka haɗiye. A Sudan an sha rasa rayuka ta wannan hanya.

Gishirin lalle da toka ma ban ba ki shawara ba a wannan halin. Yana mayar da jan lalle baƙi, amma gwargwadon jan da ya tarar yake baƙantawa. Inda ya kama zai yi baƙi ƙirin, inda bai kama ba ya yi wani toka-toka, sai bambancin ya fi na da fitowa. Ga zafi a fatar da aka yi wa halawa.

Idan Alhamis ta yi kika ga har yanzu akwai filin da bai kama ba, ga yadda ake gyara. Ki koma wurin wadda ta yi miki tun farko, ba wata ba. Kowace mai ƙunshi da nauyin hannunta da irin kwaɓinta, baƙon hannu a kan zanen wata yana nunawa. Ki kira ta yau ki sanar da ita cikin mutunci, ki tura mata hoto, don ta kwaɓa sabo da wuri ya tsumu. Lalle yana buƙatar sa'o'i bayan kwaɓi kafin ya saki kalarsa. Yawancinmu ba ma karɓar kuɗin gyara idan aikin bai wuce kwana biyu ba, sunanmu ne a hannun amarya, amma ki riƙa mata na mota idan ita za ta zo. Idan garinta ne ya tsufa, a aika Kasuwar Barci ko babbar kasuwa a sayo sabo, mai ƙanshin ɗanyen ganye. Kafin a taɓa zanen, ta ɗiga kaɗan a gefen tafin hannunki, a goge bayan minti 5. Idan ya bar ruwan goro mai haske sosai, kwaɓin ya yi. Idan da ƙyar ake ganinsa, kada a ɓata dare a kansa.

Ki wanke hannu da ƙafa da sabulu mara mai, ki tsane, kada ki shafa komai. Wuraren da suka yi haske kaɗai za a bi, da kauri, a tsaya daidai kan layin da ke nan. Haske ake ɗagawa ya kamo duhu. Kada wata ta ce ki dirje wurin da ya yi duhu da lemun tsami da toka ko ruwan bilic na wanki don ya sauko, fata za ki ƙona a banza. Da ya fara bushewa, a jiƙa auduga da ruwan lemun tsami da sukari a riƙa dangwalawa a hankali, wannan ne zai riƙe shi a jiki ya hana iska zubar da shi. A rufe taga, a kashe fanka, a ɗan kawo garwashi ki ji ɗumi daga nesa, a fitar da shi kafin ki kwanta. A naɗe da tishu a sa safa. Ni bayan sallar isha'i nake son a yi, ya kwana, a kankare da asuba da bayan cokali maimakon a wanke. Alwala ba ta kashe lalle, ki yi abinki. Wanki da omo da wanke-wanke da dogon wanka da soso su ne ke cinye shi, amarya kuwa ba ta da hurumin su a satin nan. Bayan kin idar da salla ki shafa man zaitun ko man kaɗe kaɗan.

Ki sani ranar kamu wurin da aka gyara zai ɗan fi sauran haske, don shi sabo ne. Kada ki firgita ki ce a ƙara. Zuwa Asabar zai kamo 'yan'uwansa. Dilka kuma ta ƙare daga yau, haka duk wani man da ke sa fata saɓa, domin da fatar saman lalle ke tafiya. Mai shafa man bilicin ƙunshinta ba ya kai mako biyun da na sauran mata ke kaiwa.

Abu ɗaya ne zai sa in ce kada a taɓa wurin ko da jan lallen ne: idan kina jin ƙaiƙayi ko raɗaɗi, ko kin ga ja da kumburi a bakin zanen. Wannan yana nuna an haɗa kwaɓin da wani abu, don akwai masu zuba kananzir ko fetur wai don ya kama. In haka ne ki wanke da ruwa mai yawa, ki je a duba ki, kada ki tsaya shafe-shafen gida.

Gobe da la'asar ki sake ɗaukar hoto a tsakar gida ki turo, hannu biyu a jere da saman ƙafa, in gaya miki wuraren da za a bi da waɗanda za a bari.