Garin Holland da ke Amurka: su wa suka kafa shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana karatu a jihar Mishigan ta Amurka, ya turo min hotunan wani gari mai suna Holland, ga furanni ko'ina, ga mutane sanye da takalman katako suna rawa a kan titi. Ni dai Holan ɗin da na sani ita ce ta Turai, inda ake kawo mana atamfa. Shin mutanen ɗaya ne? Me ya kai su can? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Jini ɗaya ne, kuma sunan ma daga can suka taho da shi. Sai dai furanni da takalman da kika gani ba su ne suka fara zuwa ba, daga baya aka yafa wa garin su.

Rikicin addini ne ya taso da su. A 1816 Sarki Willem na Ɗaya ya sake tsara babbar majami'ar ƙasar Holan, ya sa ta ƙarƙashin ikon gwamnati. Wasu talakawa masu riƙo da tsohuwar aƙida suka ga an gurɓata musu ibada, suka ɓalle a 1834. Hukuma ta zaro wata tsohuwar doka tun ta zamanin Napoleon, wadda ta hana mutum fiye da 20 taruwa ba da izini ba. Aka riƙa cin su tara, ana ɗaure limamansu, har sojoji ake sauke musu a gida su ci su kwana. Daga baya an sassauta, amma tsangwamar ba ta gushe ba. Ana cikin haka cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a 1845, wanda shi ne tuwon talaka a ƙasar. Ga tsangwama ga yunwa, zama bai gan su ba.

Wani limaminsu mai suna Albertus van Raalte ya ja ayari a ƙarshen 1846, suka sauka New York, suka nausa yamma. A watan Fabrairun 1847, tsakiyar hunturu, suka isa bakin wani tafki kusa da babban Tafkin Mishigan. Wurin ba kango ba ne, akwai 'yan asalin ƙasar na ƙabilar Ottawa, waɗanda ba a daɗe ba suka tattara suka yi arewa. Baƙin kuwa sun fito ne daga ƙasar da ba ta da kurmi, yawancinsu ba su iya sarar manyan itatuwa ba, sai ga su a tsakiyar daji da fadama. Shekarar farko zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka suka yi musu ɓarna ƙwarai. Duk da haka ayari ya ci gaba da zuwa, kowane rukuni ya sa wa ƙauyensa sunan yankin da ya baro: Zeeland, Drenthe, Vriesland, Overisel. Har yau sunayen na nan a taswira. A 1847 ɗin ne kuma wani limamin, Hendrik Scholte, ya kai mutum wajen 800 jihar Iowa suka kafa garin Pella.

Abin da ya fi burge ni a labarinsu shi ne batun mashigar ruwa. Yashi ya toshe tsakanin ƙaramin tafkinsu da babban, jiragen kaya ba sa iya shigowa. Da suka gaji da jiran gwamnati, sai suka ɗauki shebur suka haƙa da kansu. Ba mamaki, kakanninsu da tare teku suka samu gonaki. Gobara kuma ta cinye galibin garin a Oktoban 1871, a daren da birnin Shikago ya ƙone, suka sake gina shi.

Gadon da suka riƙe da gaske shi ne majami'a da makaranta. Makarantar da suka buɗe a 1851 ita ta zama Kwalejin Hope a 1866. Kuma da yake mai hali ba ya fasa halinsa, a 1857 suka sake rabuwa gida biyu, wasu na ganin 'yan'uwansu sun fara sakaci, har suna rera waƙoƙin da ba na Zabura ba a wajen ibada. Ɓangaren da ya ɓalle shi ya kafa makarantar Calvin a birnin Grand Rapids da ke kusa a 1876.

Harshen ne bai tsira ba. An daɗe ana wa'azi da buga jarida da Holananci, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa ana zargin duk mai magana da baƙon harshe. A Iowa ma gwamna ya hana amfani da kowane harshe in ban da Turanci a bainar jama'a a 1918. Jikoki suka tashi da Turanci kawai.

To a daidai lokacin da harshen ke mutuwa ne furannin suka shigo. Wata malamar makaranta, Lida Rogers, ta ba da shawara a 1927 a ƙawata garin da furen tulip. Aka sayo iri 100,000 daga Holan, aka fara bikin a 1929. Shi ne ƙanenki ya ɗauko, ana yin sa kowane watan Mayu, da wanke titi da bokitai da rawar takalman katako. Injin niƙa mai aiki da iska da ke garin, De Zwaan, sai a 1964 aka kwance shi daga Holan aka kawo. A ganina bikin ado ne da kasuwanci, kuma talakawan 1847 da ke neman abin kai wa baka ba su san shi ba.

Ki ce wa ƙanenki ya duba sunayen da ke allunan shaguna da maƙabarta: masu farawa da Van ko De, da masu ƙarewa da sma ko stra, irin su Hoekstra. Babban kantin Meijer da ƙila yake sayayya a ciki, wani wanzami ɗan Holan ne ya kafa kamfanin a 1934. Zai kuma ji Sifaniyanci sosai a titi, domin yanzu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen garin 'yan asalin Latin Amurka ne.