Zoben daimon: VVS2 zan ɗauka ko SI1?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min. Yanzu haka ina Dubai, na shiga kasuwar gwal ta Deira zan saya wa 'yata zoben daimon na biki. An nuna min guda biyu duk karat ɗaya-ɗaya, takardar ɗaya an rubuta VVS2, ɗayan SI1, tazarar kuɗin ba kaɗan ba ce, ni kuma na duba na sake dubawa ban ga bambanci ba. Akwai na uku mai araha sosai amma katin shagon kawai gare shi. Ni gwal na sani, wannan harka ban san kanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin lafiya. Toh, kada ki zargi idonki, don wannan bambancin dama ba da ido ake ganinsa ba. Haruffan nan suna nuna tsabtar dutsen ne, wato yawan tabo da ƙazantar da ke cikinsa tun daga halitta, kuma ana auna su ne da gilashi mai ƙara girma sau 10, irin ɗan gilashin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido. Ma'aunin da kowa ke bi na GIA ne, wata cibiya a Amurka da aka kafa a 1931, ita ta fito da tsarin a 1953. Mataki 11 ne, daga FL wanda ba a ga komai a jikinsa ba, sai IF, sai VVS1 da VVS2, VS1 da VS2, SI1 da SI2, sannan I1 zuwa I3 waɗanda tabonsu sau da yawa ko ba gilashi kina iya gani. A VVS2 ko gwani sai ya sha wahala da gilashi kafin ya gano tabon, a SI1 kuwa da gilashi nan take za a gani, amma da ido tsirara sau da yawa ba a gani. Kin ga kenan kuɗin da za ki ƙara na abin da babu wanda zai gani a wurin biki ne, ba wadda za ta kamo hannun amarya ta sa masa gilashi.

Amma fa ba kowane SI1 ba ne, nan ne aikin yake. Buɗe takardar ki nemi zanen dutsen in akwai, za ki ga an yi masa ɗige-ɗige, ja yana nufin abin da ke ciki, kore na saman fata ne. Inda tabon ya zauna ya fi sunan matakin muhimmanci. Na taɓa jera duwatsu biyu duk SI1 a kan farar takarda, ɗaya yana da baƙin ɗigo a tsakiyar fuskarsa kamar ƙwayar barkono ta faɗa cikin ruwa, da kin gan shi sau ɗaya shi kenan idonki ba zai sake barin wurin ba, ɗayan kuma farin tsagi ne siriri can gefe, maƙeri ya ɗora ƙafar zobe a kai ya ɓace. Takarda iri ɗaya, dutse daban. Idan an rubuta feather, tsagi ne, ƙarami ba damuwa, amma in ya yi tsawo har ya taɓo bakin dutsen ki bar shi, bugu ɗaya a jikin tukunya ko ƙofar mota zai iya ƙara shi. Sannan ki leƙa ƙasa wajen ƙarin bayani, mutane ba sa karanta wurin, in kika ga an ce matakin tsabtar ya dogara ne a kan clouds da ba a zana ba, to dutsen na iya yin hazo-hazo kamar an ɗiga madara a ruwa, ba zai yi walƙiya ba. Kuma in yankan mai kusurwa huɗu ne mai faffadar fuska irin emerald, ba ya ɓoye aibi ko kaɗan, a nan gara ki hau VS2 ko sama.

Ni da kuɗina ne, abin da na rage a tsabta zan zuba shi a yanka. Walƙiyar daimon daga yanka take fitowa, in zagayayye ne ki nemi wanda aka rubuta Excellent. Launi kuma daga D yake farawa, wato fari tas mara launi, zuwa Z mai ɗan ruwan ɗorawa, in a kan jan gwal ɗinmu za a ɗora shi G ko H ya wadatar, gwal ɗin ma zai rina shi. Karat a daimon nauyi ne, ba irin na gwal ba, ɗaya miligiram 200 ne, kuma farashi na tsalle daidai kan 1.00, shi ya sa 0.92 kan yi sauƙi alhali a yatsa kusan girmansu ɗaya.

Na ukun nan mai katin shago, gaskiya ban ba ki shawara ba. Mai kaya ne ya yi wa kayansa jarrabawa ya ba shi maki, wa zai ce kayansa ba kyau? Takarda ta cibiyar gwaji irin GIA ko IGI ko HRD ta Antwerp a Belgium ake nema, kuma ko ita kada ki yarda da ita haka kawai, ki shigar da lambar a shafin cibiyar a wayarki ki ga ko nauyi da awo sun yi daidai, sannan ki ce a nuna miki lambar da aka zana da lesa a bakin dutsen in akwai, ki karanta da kanki. An taɓa kawo min zobe da takarda ta gaske, amma ta wani dutsen ce daban, matar ta shekara biyu tana ajiye da ita. Ki kuma duba ko an rubuta Laboratory-Grown, wato a na'ura aka haɗa shi, daimon ne na gaske amma kuɗinsa ƙasa yake sosai, kuma ɗan abin gwajin nan mai ƙara da suke dangwala wa dutse ba ya raba su, wani ma moissanite, dutse mai kama da daimon amma ba shi ba ne, na ruɗarsa.

Tunda gwal kika saba da shi bari in faɗa miki tun yanzu, daimon ba a ɗora shi a sikeli a biya ki farashin ranar, ranar da za a sayar yawanci faɗuwa ake yi, takardar ma ba ta faɗin kuɗi. Gobe in kin koma ki ce su fito miki da SI1 ɗin daga ƙarƙashin fitilun shagon, ki kai shi bakin ƙofa inda hasken rana yake, ki riƙe shi kamar taƙi ɗaya daga idonki ki juya shi a hankali, in ba ki ga komai ba kuma lambar ta yi daidai ki ɗauka, ragowar kuɗin ki ƙara wa amarya awarwaro.