Amsa: Mangwarona yana bushewa daga sama, yana zubar da ƙaro

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka bayyana a gonarka ta Yauri, wato rassa na bushewa daga can sama zuwa ƙasa, ganye ya ƙone amma bai zuba ba, ƙaro kuma na tsatsowa daga ɓawo, ya fi kama da cutar funfunar itace. Wadda ta fi yin wannan ɓarna a ƙasashe masu zafi ita ce Lasiodiplodia theobromae, kuma ita ma tana kashe kututturen inabi da kashu.

Kafin ka sayi magani, sare reshe ɗaya ka duba cikinsa. In ka ga itacen ya yi duhu daga gefe yana shiga tsakiya, da alama ita ce. Ta rauni take shiga: saran adda, hudar ƙwaro, ko inda yara suka karya reshe wajen tsinkar 'ya'ya. Bishiyar da ƙishi ya galabaita ta fi saurin kamuwa.

Feshi kawai ba ya isa inda cutar take, kada mai shago ya ruɗe ka. Ka yanke reshen har sai ka iske fari tas, ka ƙara kamar taƙi ɗaya ƙasa, ka ƙone abin da ka sare nesa da gonar. Wanke zarto da bilic kafin ka koma wata bishiya, sannan ka shafe wurin yankan da maganin funfuna mai sinadarin jan ƙarfe da aka dama da kauri. Da rani ake wannan aiki, domin ruwan damina ke yaɗa ƙwayoyin.

In duhun ya riga ya zagaye gindin, gara ka tumɓuke ta.