Mai fenti ya shafa bango ya ce ya bushe: yaya zan tabbatar kafin a fara fenti da tayil?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina gina gida mai ɗaki uku a Kano. An gama filasta a makon ƙarshe na watan Agusta, aka zuba daɓen ƙasa kwana goma bayan haka. An sa ranar aurena nan da mako biyar, dangin amarya kuma sun matsa a ba su ɗaki su yi jere. Mai fenti ya zo ya shafa bangon da tafin hannu, ya ce tunda ya yi fari ai ya bushe, in ma da sauran danshi fenti mai mai zai toshe shi. Abin da ya hana ni barci shi ne gidan yayana, wanda aka yi wa fenti bara, kafin wata huɗu ya kumbura ya riƙa ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa daga ƙarƙashinsa. Ba ni da kuɗin yin aiki sau biyu. Yaya zan gane cewa bangon da daɓen sun bushe da gaske?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa a yi taro lafiya. Malam, tsoronka yana kan hanya, domin abin da ka gani a gidan yayanka shi ne zai faru a naka idan aka bi maganar wannan mai fentin. Filastar da ba ta wuce mako uku ba, wadda aka yi a kan bulon da ya sha ruwan Agusta, da wuya ƙwarai ta kasance ta isa fenti, ko da launinta ya koma fari fat.

Zan daɗe a kan maganar nan ta "ya yi fari, ya bushe", saboda kusan kowane mako sai na ji ta a wurin aiki, kuma ita ce ta fi kowace cin kuɗin masu gida. Tafin hannu da ido ba sa sanin komai sai fatar bango, wato abin da bai kai kaurin farce ba. Filasta kuwa kaurinta yakan kai milimita 12 zuwa 15, a bayanta kuma akwai bulo mai inci shida ko tara, kuma duk ruwan da ke cikin bulon nan ba shi da hanyar fita sai ta cikin filastar. Fuskar bango tana bushewa cikin kwana biyu ko uku idan akwai iska, ta yi haske, alhali ciki yana nan jiƙe yana turo ruwa sannu a hankali. Idan aka rufe fuskar da fenti, ruwan ba ya komawa ko'ina, yana ci gaba da tahowa ɗauke da gishirin da ya narkar daga siminti da yashi, ya taru a bayan fentin har ya ɗaga shi. Farin garin da ka gani kamar kanwa wannan gishirin ne, bayan ruwan ya ƙafe ya bar shi.

Ka yi lissafin ruwan da kanka. Buhun siminti mai kilo 50 yana buƙatar ruwa kamar lita 25 idan an kwaɓa shi yadda ya kamata, kuma abin da simintin ke haɗewa da shi ya zama dutse bai wuce rabin wannan ba. Sauran duk sai ya fita ta iska. Wannan fa idan an auna ruwan ne, alhali ni da kai mun san yadda leburori ke tuttula ruwa a kwaɓi don shebur ya yi musu sauƙi. Ka ƙara da ruwan da aka riƙa yayyafa wa bangon bayan filasta, wanda wajibi ne a yi shi aƙalla kwana bakwai don kada ta tsattsage, sannan ka ƙara da ruwan saman da ya shiga ramukan bulo kafin a ɗora rufi. Na taɓa zuwa wani gida da mai shi ya rantse mini cewa bangonsa ya shekara da bushewa, na sa aka huda bulon layi na biyu daga ƙasa da na'urar huda bango, sai ga ruwa yana tsiyaya ta ramin, baƙi, mai wari, ya gangaro a kan sabon fentin. Magini ya tsaya yana kallo bai ce uffan ba.

Akwai wata ƙanwar wannan magana da ma wasu masu ilimin aikin ke faɗawa cikinta, wato cewa kankare ya bushe idan ya cika kwana 28. Kwana 28 lokacin da ake auna ƙarfin kankare ne, ba shi da wata alaƙa da fitar ruwa daga cikinsa, hasali ma kankare yana samun wannan ƙarfin ne idan an bar shi da danshi. Bushewa wani lissafi ne daban, kuma ana fara ƙirga shi daga ranar da aka daina ba shi ruwa, ba daga ranar da aka zuba shi ba. Ƙiyasin da masu aikin suka saba da shi shi ne siririn daɓen siminti da yashi yana bushewa kamar milimita ɗaya a kowace rana, kankare mai kauri kuwa kamar wata guda ga kowane inci, idan iska tana ratsa ɗakin. A Kano cikin Agusta da farkon Satumba iskar kanta a jiƙe take, saboda haka aikin yana tafiya a hankali fiye da haka. Da hunturu kuma matsalar takan juya: busasshiyar iska tana ƙafar da fuskar bango cikin sa'o'i, ta yaudari ido fiye da kowane lokaci.

Batun fenti mai mai zai toshe danshi kuwa, wannan ita ce shawara mafi muni da za a ba ka. Sabon siminti yana da kaifi irin na soda, awonsa na pH, wato ma'aunin kaifin sinadari, yakan kai 12 zuwa 13, kuma idan wannan kaifin ya haɗu da danshi da man da ke cikin fentin, yakan narkar da shi ya zama abu mai yauƙi kamar sabulu, ya yi tabo ya saki bango. Fentin ruwa ya fi haƙuri saboda yana barin tururi ya ratsa shi, amma shi ma yana da iyaka. Haka kuma ka yi hattara da masu yawo da jarkoki suna cewa suna da sinadarin da ke busar da bango a kwana ɗaya. Babu irin wannan sinadarin. Abin da suke shafawa yana rufe fuskar bangon ne har a biya su kuɗinsu, bayan wata uku kuma lambar wayarsu ta daina shiga.

Gwajin da za ka iya yi da hannunka a yau shi ne na leda, kuma ba dabarar gargajiya ba ce, yana cikin ƙa'idojin gwaji na Amurka da lamba ASTM D4263. Ka samo leda mai kauri wadda ake gani ta cikinta, ka yanka ta santimita 45 a kowane gefe, ka manna ta a bango da salatif mai faɗi, ka danne gefuna huɗun sosai yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙa'idar ta ce a bar ta aƙalla sa'a 16, ni dai nakan ce a bari ta kwana biyu. Idan ka ɗaga ka ga raɓa a cikin ledar, ko ka ga wurin ya fi kewayensa duhu, to bangon bai isa fenti ba. Kada ka manna ta inda rana ke bugawa, kuma kada ka yi a wuri ɗaya ka ce ka gama. Ka sa a ƙasan bango daf da daɓe, da ƙarƙashin taga, da bangon da ke jingine da banɗaki, da tsakiyar daɓen kowane ɗaki, musamman kuma bangon gabas, domin a ƙasarmu daga can hadari ke tasowa, shi ne ke shan dukan ruwa.

Sai dai ka sani cewa leda idan ta yi raɓa ta tabbatar da danshi, amma idan ta fito a bushe ba ta wanke bangon gaba ɗaya ba, domin danshin da ke can ciki yana iya ƙin bayyana cikin kwana biyu. Saboda haka a haɗa da na'urar auna danshi idan za a samu. Mai allura biyun nan da aka fi gani a hannun masu aiki don katako aka tsara ta, kuma gishirin da ke cikin filasta yana sa ta nuna lamba sama da gaskiya, don haka amfaninta shi ne kwatanta wuri da wuri, da kuma duba ko lambar tana sauka daga mako zuwa mako. Ga daɓen da za a shimfiɗa wa katako ko ledar ƙasa ta manne, gwajin da ake dogara da shi shi ne a huda rami zuwa kashi 40 cikin 100 na kaurin kankaren a sa na'ura a ciki, kuma galibin masu ƙera waɗannan kayan suna son danshin iskar da ke cikin ramin ya sauka zuwa kashi 75 cikin 100 ko ƙasa da haka. Tayil da ake ɗorawa da siminti ya fi jure danshi, amma shi ma a ba kankare mako shida, saboda yana tsukewa yayin da yake bushewa, kuma wannan tsukewar ce ke sa ka ji tayil ya yi ƙara da dare ya tashi kamar tanti a tsakiyar falo.

Ka lura da abu ɗaya yayin gwajin. Idan saman bango yana bushewa amma ƙasansa, daga daɓe zuwa kamar tsayin gwiwa ko ƙugu, ya ƙi bushewa har ya yi layi, to ba ruwan gini ba ne, ruwa ne ke hawowa daga ƙasa saboda ba a shimfiɗa ledar hana danshi a kan tushe ba, ko an shimfiɗa ta yayyage. Wannan jira ba ya maganinsa, sai an kira wanda ya san aikin ya duba tushen da magudanar ruwan da ke kewaye da gidan.

Game da mako biyar ɗin da ya rage maka, ka buɗe tagogi da ƙofofi duk yini, ka sa fanka idan akwai wuta, ka kwashe buhuna da katakon da aka jingina da bango, ka maimaita gwajin leda kowane mako. Ruwan sama yana janyewa a ƙarshen Satumba, don haka akwai kyakkyawan zaton ɗakunan ciki za su isa a mako na huɗu. Ɗakin da ya wuce gwaji a goge masa farin gishirin da busasshen buroshi, kada a wanke da ruwa, a shafa share fage, wato shafin farko da ake yi kafin ainihin fenti, mai jure kaifin siminti, sannan fentin ruwa. Ɗakin da bai wuce ba a bar shi da filastarsa, a rataya labule a yi jere a haka, bangon waje kuma a jira shi har watan Nuwamba. Mai fentin kuma ka ce masa ya zo ya tsaya a gabanka ranar da za ka ɗaga ledar.