Nisan da ke tsakanin Kano da Guangzhou a jirgin sama

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa ya tambayi nisan da ke tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da filin Baiyun na Guangzhou a ƙasar Sin, da awannin da zai shafe a hanya. Da yake na yi shekaru ina zuwa saro kaya can, bari in faɗi abin da na sani.

Idan aka ja zare daga Kano zuwa Guangzhou, nisan yana dab da kilomita 11,000, amma babu jirgin fasinja da ke yin wannan tafiya kai tsaye, dole sai an yada zango. Ta Adis Ababa, kashin farko ya ɗan haura kilomita 3,300, na biyu kuma kimanin 8,000. Ta Alƙahira kuwa, kashin farko kimanin 3,100 ne, na biyu shi ma wajen 8,000.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, ni ma na daɗe cikinsu. Wanda ya dubi taswirar bango zai ɗauka cewa zuwa Masar zagaye ne, tunda arewa aka nufa alhali Sin tana gabas. To, duniya a dunƙule take, shi ya sa hanya mafi kusa take lanƙwasawa arewa, ta ratsa hamada, ta gifta kusa da Madina, ta bi ta arewacin Indiya, sannan ta gangaro kudancin Sin. Da wannan lissafi, Alƙahira ta fi Adis Ababa kusa da miƙaƙƙiyar hanya, ko da yake bambancin bai kai kilomita 300 ba, wanda jirgin da ke gudun kilomita 850 a awa zai cinye cikin minti 20.

Saboda haka shawarata ita ce kada ka zaɓi tikiti don kilomita. Zaman cikin jirgi gaba ɗaya yakan kama awa 15 zuwa 16, ko ta ina ka bi, amma jiran jirgi na biyu shi ne yake tsawaita tafiya. Na taɓa sayen tikiti mai rahusa ban duba wannan ba, na kwana a kan kujera a filin jirgi, ga sanyi, ga ƙafa ta kumbura, har kuɗin da na rage ya ƙare a abinci. Tun ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023 kuma jirage suke kauce wa sararin samaniyarta, abin da ke iya ƙara lokaci a kashin farko.

Ka kuma tuna cewa agogon Sin yana gaba da namu da awa 7, kuma lokutan da ke jikin tikiti na garin da aka tashi ne da na garin da aka sauka, don haka sai ka cire awa 7 kafin ka san ainihin tsawon tafiyar zuwa, ka ƙara su a ta dawowa. Idan a Afrilu ko Oktoba za ka je, lokacin babban baje kolin kaya na Guangzhou da ake kira Canton, ka nemi kujera da wuri. Allah Ya kai ka lafiya.