Amsa: Rubuta "sannu" da ɗigo da layi na Morse

Malam, ka tambayi yadda za ka aika "sannu". Morse, wato tsarin aika saƙo da gajeren sauti (ɗigo) da dogon sauti (layi), ba ya fassara kalma, harafi-harafi ake bi: S (...), A (.-), N (-.), N (-.), U (..-).

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tazara. Layi ɗaya tsawon ɗigo 3 ne. A cikin harafi ka bar tsawon ɗigo 1, tsakanin haruffa 3, tsakanin kalmomi 7. In ka gaggauta ka manne A da N, mai sauraro .--. zai ji, wato P, kalmar ta lalace ke nan.

Su ɓ, ɗ da ƙ kuwa ba su da alama a tsarin Morse na duniya, sai ka aika b, d, k, ma'ana ta bambance su.